Soyayyiyar taliya da naman waken suya: yadda girkin mutum shida ya caɓe da yadda aka gyara shi

Busasshen naman waken suya, irin wanda ake sayarwa gutsi-gutsi a leda, yana saurin ba mai girki kunya idan bai san halinsa ba. Lamarin da zan bayyana a nan na ɗiyar ƙanwata ne. Ta iya girki daidai gwargwado, amma da ta haɗa soyayyiyar taliya irin ta mutanen Sin da wannan naman domin mutum shida, sai taliyar ta caɓe, gishiri ya yi yawa, naman ya fito lami, sannan baƙuwar da aka yi girkin dominta ko cokali ɗaya ba ta kai bakinta ba. Na daɗe ina koyar da girki, shi ya sa ta neme ni. Na ce labari a waya ba zai wadatar ba, ta sayo kayan yadda ta saya a karon farko, ta maimaita a gabana ba tare da ta canza komai ba. Abin da na gani da idona shi na rubuta.

Baƙuwar abokiyar karatunta ce, kuma tana bin tsarin cin tsirrai zalla, wanda ake kira bigan. Masu wannan tsari ba sa cin nama da kifi, ba sa cin ƙwai, ba sa shan madara da duk abin da aka yi da ita, yawancinsu ko zuma ba sa taɓawa. Tun 1944 suke da ƙungiya a Ingila, wadda Donald Watson da abokansa suka kafa. Ɗiyar tawa ta san da zancen nama da ƙwai da madara, ta kuma kiyaye su. Abin da ya kayar da ita yana cikin kwalba.

Abin da aka yi a karon farko

Kayan da ta tara: taliyar alkama busasshiya giram 500, naman waken suya busasshe giram 200, kabeji rabi, karas uku, koren tattasai biyu, albasa, tafarnuwa, citta, mai, soya sos, da sos ɗin kawa. Ta zuba wa naman ruwan zafi zalla, ya yi minti goma, ta juye shi a mataci, ta ɗan girgiza. Ta dafa taliyar har cikar lokacin da aka rubuta a jikin leda, ta tace, ta bar ta a cikin matacin tana huci yayin da take yanka kayan lambu. Daga nan ta ɗora wani kasko mai faɗi amma marar kauri, ta zuba mai, ta sa albasa da tafarnuwa, kafin a jima ta juye kayan lambun duka, ta biyo da naman, ta ɗora taliyar a sama. Kaskon ya cika maƙil, har cokalin juyawa ba ya kai ƙasa sai da kokawa.

Na ce ta saurara. Lokacin da albasa ta shiga mai, kaskon ya yi ƙara mai kaifi ta suya. Da naman ya shiga, cikin daƙiƙa kaɗan ƙarar ta mutu, ta koma ɓararrakar tafasa. Na sa ta ture abincin gefe guda, sai ga ruwa kwance a ƙasan kasko, ruwan ƙasa-ƙasa, mai yana yawo a kansa. Ta ɗanɗana naman ta ji ba komai, ta ƙara soya sos. Ta sake ɗanɗanawa, ta sake ƙarawa. Da muka auna abin da ya ragu a kwalbar, kusan rabin kofi ta zuba.

"Inna, wallahi haka ya yi min ranar nan," in ji ta. "Ina ta ƙara sos amma naman ya ƙi ji."

Na ce, "Ba zai ji ba, 'yata, cikinsa a cike yake. Ina sos ɗin zai shiga?"

Kwalbar da ta hana baƙuwa cin abinci

Wannan ɓangaren gajere ne amma shi ya fi yi mata ciwo. Sos ɗin kawa da ruwan kawa ake yin sa, wato dabbar ruwa mai ɓawo, tun asalinsa a lardin Guangdong na ƙasar Sin inda Lee Kum Sheung ya fara sayar da shi a 1888. Baƙuwar ta tambaya cikin ladabi ko me aka zuba, aka nuna mata kwalbar, ta ba da haƙuri. Irin wannan tarko yana da yawa a girkin soyayyiyar taliya. Sos ɗin kifi sunansa ya tona shi. Sos ɗin Worcestershire, wanda ake sawa a yakisoba, soyayyiyar taliyar Japan, a bisa asali akwai ƙananan kifi a cikinsa. Taliya da yawa ta irin wannan girki da ƙwai ake murza ta. Dunƙulen ɗanɗano kan zo da romon kaza ko na sa ko garin madara. Har wasu kayan da ake sayarwa a madadin nama ana haɗe su da farin ƙwai don su kama jikinsu, domin an yi su ne don masu barin nama kaɗai.

Taliyar da ta saya rawaya ce, na kuwa yi zaton akwai ƙwai, amma da muka karanta jikin ledar babu. Launin ya fito ne daga gishirin kabonet da ake sawa a ƙullun, wanda ke sa alkama ta yi rawaya ta kuma yi danƙo a baki. Ke nan launi ba ya nuna komai, jerin kayan haɗi da ke bayan leda shi ne abin dubawa. Maganin kawa kuwa mai sauƙi ne: akwai irin wannan sos da ake yi da laimar kwaɗi, in kuma ba a samu ba ana iya haɗa madadinsa a gida, kamar yadda muka yi daga baya.

Halin naman waken suya

Nan ne gindin matsalar, don haka sai an san yadda ake yin abin. Idan aka tatse mai daga waken suya, abin da ya rage gari ne mai furotin da yawa, kusan rabin nauyinsa. Ana jiƙa garin, a tura shi cikin wani inji mai matsa da zafi sosai, ya narke ya zama ƙullu. Da ya fito ta ƙaramar kafa zuwa sarari, ruwan cikinsa sai ya zama tururi nan take, ya hura shi, ya bar ƙananan ramuka da zare-zare masu kama da tsokar nama. Sai a yanka, a busar. Kamfanin Archer Daniels Midland na Amurka ne ya fito da shi kasuwa a shekarun 1960 da sunan TVP.

Abu uku suka biyo bayan wannan hanyar, kuma dukansu sun bayyana a kaskon ɗiyata. Na farko, naman soso ne: yana shan ruwa kimanin ninki biyu na nauyinsa, wani irin ma fiye. Giram 200 ɗinta ya koma wajen giram 600, wato ta shigar da ruwa kusan giram 400 cikin kasko ba ta sani ba. Na biyu, tun da an cire masa mai, ba shi da kitsen da ke ɗaukar ɗanɗano ya kuma taimaka wa nama ya yi ja a wuta. Na uku, yana da gafin wake, wanda ke fita cikin ruwan jiƙo, sai dai in ba a matse ruwan ba gafin yana nan zaune.

Na sa ta jiƙa wani sabo, ya huce, ta damƙi cike da hannu ta matse a kan kofi. Ruwa ya zubo ta tsakanin yatsunta, gurɓatacce, mai ɗan kumfa a sama. Kafin ta gama da kwanon kofin ya cika har ya zuba. Na ce ta shinshina. Ta kai hanci ta janye, ta ce wannan shi ne warin da mijinta ya yi ta ƙorafi a kai. Gutsin da aka matse ya koma ƙarami, ya yi shafal, da ta sake shi kuma ya dawo siffarsa a hankali yana jan iska. Wannan jan shi ake so: duk abin da aka zuba masa a wannan lokacin zai shanye shi har tsakiya.

Me ya sa ruwa ya kashe suyar

Jan da nama ko albasa ke yi a wuta, da ƙamshin da ke tare da shi, daga haɗuwar furotin da sukari yake fitowa. Wani masani ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayyana wannan a 1912. Abin ba ya tafiya da sauri sai zafi ya haura wajen digiri 140 a ma'aunin Salshiyos. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa, kuma muddin yana kwance a kasko zafin abincin ba zai wuce nan ba, komai ƙarfin wutar. Sai ya ƙafe tukuna. Ƙafewar kuma tana cin wuta ba kaɗan ba: zafin da ake buƙata a mayar da ruwa tururi ya ninka fiye da sau biyar wanda ake buƙata a kai shi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. To ga ruwan nama, ga na kabeji da tattasai da suke saki da zarar sun ji gishiri, ga jiƙaƙƙiyar taliya, duk a kan murhun gida. Kafin wannan ruwa ya ƙafe taliya ta riga ta narke.

A gidajen abinci na Sin ana amfani da kasko mai zurfi da ake kira wok a kan murhu mai ƙarfin da ya ninka na gida sau da yawa, duk da haka mai suyar kwano ɗaya ko biyu yake yi a lokaci guda. Wannan ne abin da nake so masu girkin gida su lura da shi. Wanda ke da babbar wuta ma kaɗan-kaɗan yake soyawa, balle mai ƙaramar wuta da ke son ya soya na mutum shida a tashi ɗaya.

Zancen gishiri ma daga nan ya taso. Cokalin cin abinci ɗaya na soya sos yana ɗauke da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, wajen miligiram 900. Rabin kofi cokali takwas ne, wato miligiram 7,200, idan aka raba wa mutum shida kowa ya tashi da 1,200, ban da na sos ɗin kawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babba kada ya kai miligiram 2,000 a yini. Kuma duk wannan gishirin taliya da kabeji ne suka shanye shi, naman yana nan yadda yake.

Gyaran

Ba mu canza yawan taliya ko na nama ba, kuma kaskon nan dai nata muka yi amfani da shi, domin ina so ta ga cewa laifin ba na kaya ba ne.

Mun fara da busasshiyar laimar kwaɗi irin ta shitake guda shida, muka jiƙa a ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabi na rabin awa. Dalilin sa ta shi ne ɗanɗanon nan mai cika baki da ake samu a romo. Kikunae Ikeda na Japan ya gano a 1908 cewa daga sinadarin gulutamet yake, kuma soya sos na da shi da yawa. Busasshiyar shitake tana da wani sinadarin daban, guwanilet, wanda idan ya haɗu da gulutamet sukan ƙarfafa juna ƙwarai. Wannan haɗin shi ke cike gurbin da nama da kawa suka bari. Ruwan jiƙon muka tace muka ajiye, laimar kuma muka yanka siri-siri.

Naman mun tafasa shi minti biyar maimakon jiƙo kawai, muka ɗauraye da ruwan sanyi, muka matse, muka sake ɗaurayewa muka matse har ruwan ya fito garau. Manyan gutsin na sa ta yayyaga da hannu ba da wuƙa ba, domin yagaggen gefe ya fi kama mai ya fi yin ja. Sai muka zuba soya sos cokali biyu, ruwan laimar kwaɗi cokali huɗu, daddakkiyar tafarnuwa da citta, ta cakuɗa tana ɗan matsawa tana saki, har kwanon ya bushe ƙaf. Bayan ruwan ya shige ne muka sa mai cokali biyu, sannan sitacin masara cokali ɗaya. Jerin yana da muhimmanci. In mai ya riga shiga zai toshe ramukan, sos ya tsaya a waje. Sitacin kuwa shi ke yin siririn ɓawo a jiki, wanda ke yin ƙayau a wuta, daga baya kuma ya riƙe miya. Muka bar shi minti ashirin.

Taliyar mun sauke ta saura minti biyu lokacinta ya cika, tana da ɗan tauri a tsakiya, domin za ta ƙarasa a kasko. Muka ɗauraye ta da ruwan sanyi don dahuwar ta tsaya, sitacin da ke sa ta manne kuma ya wanke, muka tsane ta sosai, muka murza mata mai cokali ɗaya, muka baza a faranti mai faɗi ta sha iska. Kayan lambu an yanka su siri-siri tun kafin a kunna wuta, an goge su da tsumma mai tsabta. Miyar ma a kofi muka haɗa ta tun da wuri: soya sos cokali uku, ruwan laimar kwaɗi rabin kofi, sukari ƙaramin cokali biyu, ruwan khal cokali ɗaya, sitaci ƙaramin cokali ɗaya, da ɗan barkono. Duka soya sos ɗin girkin ya tsaya a cokali biyar maimakon takwas.

Wurin suyar naman ne muka fi jayayya. Ta sa kasko ya yi zafi har mai ya fara sheƙi, ta jera rabin naman shimfiɗa ɗaya, ko wanne gutsi yana taɓa ƙarfe, sai hannunta ya nufi cokali. Na riƙe mata hannu.

"Inna, zai ƙone fa."

"Bar shi. In ya yi, da kansa zai saki kaskon."

Bayan kamar minti biyu da rabi ta ɗaga guda. Ƙasansa ya yi jawur, gefen da aka yaga ya ɗan ƙandare, kuma ya taso ba tare da ya bar komai a kasko ba. Ƙarar suyar ba ta sauka ba ko sau ɗaya. Ta juya ɗaya gefen, ta kwashe, ta soya ragowar. Ta ɗauki ɗaya ta gutsura, ta duba cikinsa: launin sos ya ratsa har tsakiya.

Sauran aikin gudu ne. Mun raba komai kashi uku, ko wane kashi na mutum biyu. Mai kaɗan, karas da albasa da laimar kwaɗi minti ɗaya, kabeji da tattasai wani minti ɗaya, a buɗe tsakiya a sa tafarnuwa da citta na rabin minti kawai don suna saurin ƙonewa su yi ɗaci. Sai taliya, a baza ta, a ba ta ɗan lokaci ta taɓa ƙarfe kafin a juya. Miyar a gefen kasko ake zuba ta, inda ƙarfe ya fi zafi, ta tafasa tun kafin ta kai ga taliya. A mayar da nama, a juya sau uku ko huɗu, a kashe wuta. Man riɗi da lawashin albasa bayan an kashe wuta suke shiga, domin ƙamshin man riɗi guduwa yake yi a zafi. Ko wane kashi bai kai minti shida ba, ana kuma goge kaskon tsakanin kashi da kashi don ragowar miya kada ta yi ƙauri.

Sakamako, da abin da bai gyaru ba

Taliyar ta fito wara-wara, kabeji yana garas-garas, ƙasan faranti ba ruwa. Da ta sake gayyatar baƙuwar, ta fara aika mata hoton bayan kowace leda da kwalba, ta kuma tambaye ta ko tana da damuwa da kaskon da aka taɓa soya nama a ciki, domin masu wannan tsari sun bambanta a kan haka. Baƙuwar ta ce in an wanke ba komai, ta ci ta ƙara. Ta fuskar gina jiki ma farantin ba abin rainawa ba ne: giram 200 na busasshen naman yana da furotin wajen giram 100, kowa ya sami kusan giram 17 ban da na alkamar taliya. Abin da ba ya ciki shi ne bitamin B12, wanda tsirrai ba sa bayarwa, kuma duk mai cin tsirrai zalla dole ya neme shi a ƙwaya ko a abincin da aka ƙara masa shi.

Mijinta ya ce ya yi daɗi, amma ya gane ba nama ba ne tun a tauna ta farko. Gaskiyarsa. Naman waken suya yana da wata 'yar tsalle a haƙori da tsoka ba ta da ita, kuma babu dabarar da za ta kawar da wannan gaba ɗaya. Ɗiyar tawa ta so ta riƙa ba baƙi ba tare da ta faɗa ba, ta ga ko za su gane. Ban yarda da ita ba, kuma dalilina ya wuce zancen ɗanɗano. Waken suya yana cikin abincin da ke tayar wa wasu mutane borin jini mai tsanani. A jerin manyan abinci tara da dokar Amurka ta wajabta a rubuta a jikin kaya saboda wannan haɗari, akwai waken suya, da alkama, da gyaɗa, da riɗi wanda aka ƙara a 2023. Wannan faranti ɗaya yana iya haɗa huɗun duka idan da man gyaɗa aka soya. Mutumin da yake ganin nama yake ci ba zai yi tunanin tambaya ba. Dole mai girki ya faɗa kafin a zauna.

Matsala ɗaya ta rage mata. Kaskonta marar kauri ne, yana saurin zafi yana saurin hucewa, shi ya sa kashi na uku bai kai na farko ja ba, tun da ta gaji ta daina jira ya sake ɗaukar zafi. Sannan kafin na ƙarshe ya sauka na farko ya fara sanyi. Na ba ta shawarar ta ɗumama babban kwano da ruwan zafi ta riƙa juye ko wane kashi a ciki ba tare da ta rufe ruf ba, don tururi kada ya koma ya jiƙa taliyar, kuma idan za ta sayi kasko nan gaba ta nemi na baƙin ƙarfe mai nauyi, wanda ke riƙe zafi ko an zuba masa abu mai sanyi.